Kasuwa da Amana: Gwanjon Intanet da Takardar Duwan



A fitowar da ta gabata mun yi alkawarin taɓo maganar ƴaƴanmu da suka buɗe wa iyayensu kasuwa a cikin wayar salula, suna sayar da aikin hannu ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Alkawari kaya ne, ga shi Allah Ya nufa mu sauke. Abin da ya ƙara sa muka gaggauta kuwa wani lamari ne da ya auku a unguwarmu, wanda muka nemi izinin masu shi kafin mu kawo shi nan, bisa sharaɗin ba za mu ambaci suna ba.

Abin da ya faru

Muna da wani maƙwabci dattijo, baduku, wanda dukanci gadon gidansu ne. Ɗansa, saurayi mai natsuwa da ya ƙare karatun sakandare, ya ɗauki hoton wasu jakunkunan mata guda biyu da uban ya ɗinka da jar fatar akuya, ya sa su a wani dandalin gwanjo na intanet. Aka kwana bakwai ana tayi, daga ƙarshe wata mata a wata ƙasar Turai ta cinye a kan Yuro 140, wato kusan jika 92 na sefa. Gida ya cika da murna, domin a kasuwar garinmu da ƙyar jakunkunan nan za su kai rabin haka.

Ranar aikawa sai wani abokinsa mai ganin ya san gari ya ba shi shawara ya rubuta a takardar duwan cewa kyauta ce, kuɗinta Yuro 10, wai kowa haka yake yi don a sauƙaƙa wa mai saye haraji. Yaro ya bi. A wurin bayanin abin da ke ciki ya rubuta kalma ɗaya tak, wato "kaya". Bai kuma faɗi cewa an ƙawata murfin ɗaya jakar da ɗan yankin fatar mesa ba, domin bai san akwai magana a kanta ba.

Bayan mako uku ma'aikatan duwan na can suka buɗe ƙunshin. Suka nemi shaidar biya daga matar, ta nuna, Yuro 10 ya koma 140. Suka ga fatar mesa ba tare da takardar izini ba, suka riƙe kayan. Matar ta kai kuka ga masu dandalin cewa kaya bai iso ba, aka mayar mata da kuɗinta. Jaka ta tafi, kuɗin aikawa ya tafi, kuɗin ciniki ya koma, alhali an riga an ci bashin fatu a majema bisa dogaro da shi.

Dattijon ya same mu a zaure bayan la'asar, ya ce: "Ɗan Liman, shekara arba'in ina wannan sana'a ban taɓa sayar wa mutum fatar tunkiya na ce ta akuya ce ba. Yau ga shi an rubuta ƙarya da sunan gidana, cikin harshen da ban iya ba." Muka ce: "Baba, ku yi haƙuri, yaron bai yi don cuta ba, rashin sani ne." Ya ce to a koya masa, a koya wa ƴan'uwansa. Wannan umarni nasa ne muke ƙoƙarin cikawa a yau.

Gwanjo ba baƙo ba ne

Sayar da kaya ga wanda ya fi tayi tsohon ciniki ne, kuma malaman fiƙihu sun halatta shi, suna kiransa muzayada. Abin da intanet ya sauya shi ne faɗin kasuwar. Dandalin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a shekarar 1995, shi ya fara yaɗa wannan salo a duniya, har ta kai mai jaka a Damagaram ko maƙerin azurfa a Agadas yana iya samun mai taya masa daga Faransa ko Jamus.

Abin da shari'a ta hana a gwanjon kara ta hana shi a gwanjon waya. Najashu, wato mutum ya yi tayi ba don yana son saye ba sai don ya zuga farashi wani ya rufta, Annabi (SAW) ya hana shi. Don haka wanda ya sa ƙanensa ko abokinsa ya buɗe wani asusu yana taya kayansa, ya faɗa cikin wannan hani, kuma dandalin ma kansa in ya gane yakan rufe asusun.

Haka nan sayar da abin da mai saye bai gani da ido ba, sai siffarsa kawai, mazhabarmu ta Malikiyya ta yarda da shi in an siffanta kayan da gaskiya. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya ware babi ga cinikin da ake yi bisa barnamaj, wato takardar da ɗan kasuwa ke rubuta abin da ke cikin dila, adadinsa da irinsa, a saya ba tare da an kwance ba. In kaya ya fito daidai da takarda ciniki ya tabbata. Malamanmu sun kuma bayyana cewa irin wannan kaya da ke nesa yana cikin lamunin mai sayarwa har ya shiga hannun mai saye. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da manyan dandalin gwanjo ke bi: in kaya bai isa ba, ko ya saɓa wa siffa, mai sayarwa ne ke ɗaukar hasara. Takardar duwan ita ce barnamaj ta wannan zamani, sai dai masu karanta ta sun ƙaru.

Mece ce takardar duwan?

Gidajen waya na duniya suna aiki ne a ƙarƙashin wata ƙungiya da aka kafa a birnin Bern na Suwizalan a shekarar 1874, wadda ke da mambobi 192. Ita ta tsara takardu biyu da ake liƙawa a jikin ƙunshi. Ƙaramar ita ce CN22, ta ƙaramin ƙunshi wanda bai wuce kilo 2 ba, kuma darajarsa ba ta haura DTS 300 ba. DTS wani ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, 300 ɗinsa ya ɗara jika 200 na sefa, yana hawa yana sauka gwargwadon canji. Abin da ya wuce haka sai babbar takarda, CN23. Daga farkon shekarar 2021 kuma ba a tsaya ga liƙa takarda ba, gidan waya yana aika bayanan ta na'ura tun kafin kaya ya tashi, ta yadda duwan na can sun karanta abin da ka rubuta kafin jirgi ya sauka. Kamfanonin aikawa na gaggawa, irin su DHL, su kuma faktir suke nema, wato takardar ciniki mai sunan mai sayarwa da mai saye da farashi.

Abubuwa shida ne ake tambaya, kowanne da muhimmancinsa.

Na farko, irin aikawar. Akwai gidan da aka rubuta cadeau, akwai na vente de marchandises. Abin da aka biya kuɗi aka saya ciniki ne, ko da mai sayen ne ya roƙe ka ka kira shi kyauta. Kai ne ka sa hannu a ƙasan takardar, kai ne za a tuhuma.

Na biyu, bayanin kaya. "Kaya" ko "aikin hannu" ba bayani ba ne. A rubuta: jakar hannu ta mata, fatar akuya jemammiya, guda biyu. A rubuta da Faransanci ko da harshen da ake ji a ƙasar da za a kai.

Na uku, adadi da nauyin kowane abu. Na huɗu, darajarsa, wato farashin da gwanjo ya tsaya a kai, tare da sunan kuɗin, domin 140 na Yuro daban, 140 na sefa daban. Na biyar, ƙasar da aka yi kayan, ba wadda aka aiko shi daga cikinta ba. Atamfar da aka saƙa a Sin ba ta zama ta Nijar don an saye ta a Yamai.

Na shida, lambar kaya. Ƙungiyar Duwan ta Duniya da ke Burusal ta fito da wani tsari da ya fara aiki a shekarar 1988, wanda ya ba kowane irin kaya lamba mai alƙaluma shida da duwan na kusan duk duniya suka sani. Jakar hannu mai bayan fata 4202.21 ce. Kayan ado na azurfa, kamar giciyen Agadas da zobba da mundaye, 7113.11 ne. In kuwa ƙarfen ba azurfa ba ne, farin ƙarfe ne ko tagulla, ya koma layin 7117 na kayan ado na kwaikwayo. Takalman fata suna layin 6403, faifai da kwanduna na kaba suna 4602. A nan ma gaskiya ke raba gardama: kada a buga 925 a jikin abin da bai kai kashi 925 cikin 1000 na azurfa ba, domin can suna da abin gwaji.

Wa zai biya haraji?

Kakanninmu fatake sun san kuɗin fito. Ayarin da ya ɗauki jar fata daga ƙasar Hausa ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus yana biyan haƙƙin kowane zango, kuma madugu yakan lissafa wannan tun kafin a ɗaure kaya. Mai gwanjon intanet ma dole ya yi wannan lissafi, musamman da yake dokokin sun sauya ƙwarai a ƴan shekarun nan.

A da, Tarayyar Turai ba ta karɓar harajin TVA kan ƙunshin da bai kai Yuro 22 ba. Daga nan al'adar rage farashi a takarda ta samo asali. An soke wannan sassauci tun ranar 1 ga Yuli 2021, yanzu ko kayan Yuro ɗaya ne ana biya. A Faransa kashi 20 cikin ɗari ne, a Jamus 19, kuma ana lissafa shi ne a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin aikawa. Alal misali, jakar Yuro 80 da aka aika a kan Yuro 25 zuwa Faransa, harajinta Yuro 21 ne, kimanin sefa 13,800, tun da Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, a nan da Kamaru da Cadi duka.

In darajar kayan ba ta wuce Yuro 150 ba, babban dandali yakan karɓi harajin daga mai saye tun lokacin biya, ta wani tsari da ake kira IOSS, ya ba mai sayarwa wata lamba. Wajibi ne a miƙa wannan lamba ga gidan waya ko kamfanin aikawa su shigar da ita cikin bayanan na'ura. In aka manta, za a sake cajin mai saye a ƙofar gidansa, har da ladan cike takardu, kuma fushinsa a kanka zai sauka. Bugu da ƙari, a watan Disamba 2025 ƙasashen Tarayyar sun amince da ɗora kuɗin fito na Yuro 3 kan irin waɗannan ƙananan kaya daga 1 ga Yuli 2026.

Ingila, bayan ficewarta daga Tarayyar, ta kafa nata tsari daga 1 ga Janairu 2021: kayan da bai wuce fam 135 ba ana karɓar harajinsa ne wurin ciniki. Amurka kuwa tun 2016 take barin ƙunshin da bai wuce dala 800 na kuɗinta ba ya shiga ba fito, amma ta dakatar da wannan ga dukkan ƙasashe a ranar 29 ga Agusta 2025, har gidajen waya da yawa a duniya suka tsayar da aika kaya can na wani lokaci. Saboda haka kafin ka yi wa mutumin Amurka alkawari, je gidan waya ka tambaya ko suna karɓa, da kuma nawa ne.

A taƙaice, a rubuta ƙarara cikin tallar kaya wa zai biya fito da haraji. Ƴan kasuwar duniya suna da gajerun alamomi na wannan: DAP na nufin mai saye zai biya in kaya ya iso, DDP na nufin mai sayarwa ya ɗauki komai. Sharaɗin da aka faɗa tun farko ba ya zama rigima a ƙarshe.

Abubuwan da ba su ƙetare iyaka

Wannan shi ne inda maƙwabcinmu ya fi jin jiki. Akwai yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, domin kare namun daji da tsirrai daga ƙarewa, kuma ƙasashenmu duk suna ciki. Fatar mesa, da ta kada, da ta guza da damo, ba su fita sai da takardar izini daga hukumar gandun daji, ko da ɗan yanki ne a murfin jaka ko a bakin kube. Hauren giwa an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun shawarar 1989, eBay ma ya haramta shi a dandalinsa daga 2009. Jiminar yankinmu tana cikin jerin da aka fi tsananta wa, don haka ƙwanta da gashinta ba kayan gwanjo ba ne. Baduku mai son kasuwar waje ya tsaya ga akuya da tunkiya da saniya da raƙumi. Jar akuyar Maraɗi ma ta ishe shi suna, domin fatarta ta daɗe da shahara a Turai.

Sai kayan tarihi. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana safarar su, Nijar kuma tana da dokarta ta 1997 kan kare gadon al'adu. Mutum-mutumin yumɓu na Bura da na Nok da na Sao suna cikin jan jerin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a shekarar 2000. Muna kuma jan kunnen ƴaƴan gidajen malamai musamman: tsofaffin Alƙur'anai na hannu da littattafan ajami da kakanni suka bari ba hajar gwanjo ba ne. Dillalai suna yawo suna taya su da kuɗin da ke ruɗin yaro. Wanda ya sayar ya karya doka, ya kuma raba zuriyarsa da abin da ba a sake rubutawa.

Iyayenmu mata kuma su lura: kilishi da dambun nama da cuku ba su shiga Tarayyar Turai ta gidan waya, domin an hana nama da kayan madara daga waje. Turaren ruwa mai kamawa da wuta da batura su ma suna cikin kayan da jirgin sama ke ƙi.

Kwali, awo da lamba

Kamfanonin gaggawa ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5000. Kwali mai 40 da 30 da 25 zai ba da kilo 6, ko da a sikeli kilo 2 ne, kuma na 6 ɗin za ka biya. Don haka a ɗaure kaya a auna shi kafin a sa shi gwanjo, kada kuɗin aikawa ya cinye riba. Fata kuma a bari ta bushe sarai, domin mai danshi takan yi fumfuna a hanya.

Kada a aika abin sayarwa ba tare da lambar bin sawu ba. Ta gidan waya tana da alamomi 13: haruffa biyu, alƙaluma tara, sai haruffa biyu na ƙasa, NE ga Nijar, CM ga Kamaru, TD ga Cadi. Ita ce shaidarka in an yi musu. In an sa inshora kuma, diyya ba ta wuce darajar da ka rubuta. Wanda ya rubuta Yuro 10 a kan kayan 140 ya yafe 130 da hannunsa tun kaya bai ɓata ba.

A ɗauki hoton kaya da na kwali da na takarda, a ajiye rasit da faktir. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka, don haka ajiye takardar ciniki ba sabon abu ba ne ga Musulmi. Kuma kada a taɓa kuɗin ciniki, balle a ci bashi a kansa, sai kaya ya isa kuma wa'adin ƙorafin mai saye ya wuce.

Rufewa

Iyaye, ƴaƴanmu sun fi mu sanin waya, amma ku kun fi su sanin ciniki. Kada ku bar musu takarda su cike su kaɗai don kawai ba da harshenku aka rubuta ta ba. Ku sa su karanta muku layi bayan layi, su fassara, kafin a sa hannu. Haka maƙwabcinmu yake yi yanzu. Bayan ya biya bashin majema a hankali cikin wata huɗu, sun sake aika jaka ɗaya, ta akuya zalla, da farashinta na gaskiya da lambarta, ta kuma isa lafiya. Ribar ba ta kai ta mafarkin farko ba, amma ta zauna a gida.

Masu tambaya kan wannan batu su aiko ta ofishin ƙungiya kamar yadda aka saba. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba hanyoyin karɓar kuɗin ciniki daga waje da la'adar da ake yanka a kowace hanya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga tauye mudu a fili da a takarda. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.